Daga Ƙofar Filin Jirgin Takoradi Zuwa Zango

A Maraɗi babu wanda zai koya mani kuɗin abin hawa. Daga unguwarmu zuwa jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo na san abin da zan miƙa wa ɗan kabu-kabu tun kafin in ɗaga mashi hannu, shi ma ya san na sani, saboda haka ba mu ɓata wa juna yawu. In na je Yamai kuma taksi mai jan kai ne: ka faɗi unguwa, in a kan hanyarshi take ya gyaɗa kai ka shiga cikin mutane, in kuwa kurs kake so kai kaɗai sai a yi ciniki. Duk wanda ke karanta wannan ɗan littafi namu ya san haka. Abin da nake so in ba ku labari shi ne wurin da wannan sanin nawa bai yi mani aikin komai ba, wato ƙofar filin jirgin saman Takoradi, can bakin teku a yammacin ƙasar Gana.

Cikin hutun damina na 2022 aka kira Inna aka ce Kawu yana asibiti. Yayanta ne ciki ɗaya, ya fi shekara 30 a Takoradi yana sayar da albasa. Inna ta ce sai ta gan shi da idonta, aka ce ni zan raka ta, tunda ni ne mai ɗan Ingilishin lise. Muka bi ta Doso da Gaya, muka ratsa Benin har Kwatano, sannan Lome, sannan Akara. Da muka sauka ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Daga Akara zuwa Takoradi akwai kilomita fiye da 200, awa 4 zuwa 5 a bis in hanya ta yi kyau. Taubashina, babban ɗan Kawu, ya ji halin da take ciki ya ce a'a, ya biya mana jirgi. Shi dai ba zai iya zuwa tarbonmu ba don shi ke kwana wurin mahaifinshi, kuma gidan ba su da mota.

Jirgin ƙarami ne, bai fi mutum 50 ba. Inna ba ta ida jan casbinta ba aka ce mu ɗaura bel za a sauka, duka tafiyar ba ta kai minti 45 ba. Filin kanshi na sojan sama ne, farar hula aro suke yi, shi ya sa za ka ga kaki ko'ina. Daga baya na karanta cewa a Yaƙin Duniya na Biyu, tun daga 1940, Turawan Ingila a akwatuna suke kawo jiragen yaƙi ta tashar ruwan garin, wadda aka buɗe a 1928, a haɗa su a nan, su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri da Hartum har Alƙahira. Ashe jiragen da tsofaffin Kano suka gani a sama lokacin, da yawansu daga wannan fili suka taso. A ranar dai ba tarihi ne a gabana ba. Akwati biyu ne, da buhun kilishi da ƙuli-ƙuli, da tsohuwa da ke taka ƙasa kamar tana taka ƙaya, ga lokacin ganin marasa lafiya yana ta ƙurewa.

Abin da na fara lura da shi, kafin mu gama jan kaya mutanen da muka sauko tare sun watse. Mafi yawansu ma'aikatan kamfanonin man fetur ne da na zinariya, kowa da kat-kat na jiranshi, direba riƙe da takarda mai sunanshi. Tun da aka gano mai a tekun yankin a 2007 aka fara haƙo shi a 2010, irin waɗannan mutane ne ke cika jiragen Takoradi. Wasu kuma motar otel ta kwashe su. Muka rage mu biyu da wasu uku ko huɗu, ga direbobin taksi sun fi mu yawa, motocinsu masu rawayen fenti a kusurwa huɗu suna jere.

Na farko ya matso, matashi ne, ya tambaye ni da Ingilishi ina za mu. Na ce Efiyakuma, wajen zango, mu aje kaya mu wuce asibiti. Ya ce sidi 60.

Inna ta ce, "Mi ya ce?"

Canjin da aka yi mana a Akara, sidi ɗaya ya kama wajen sefa 70, wato dala 14. Na buga a kaina na ce mata, "Jikka 4 da dala 40, Inna."

"Jikka huɗu? Zuwa ina, Makka? Kai ɗan nan, ka ji shi da kyau kuwa?"

Ta yi gaskiya da ta firgita. Kuɗin kabu-kabuna ne na sati biyu, zuwa da dawowa. Taubashina ya ce mani daga baya bai yi nisa da abin da mutum ɗaya zai biya a bis tun daga Akara ba, alhali tafiyar da ke gabanmu ba ta fi ta minti 15 ba, don filin cikin gari yake.

Muna cikin haka wani dattijo daga cikin direbobin ya yi dariya ya taso. Ya ce, "Sannu da zuwa, Mma. Kai daga Nijar ka zo?" Inna ta dube ni, ta dube shi. A rayuwarta ba a taɓa ce mata "kai" ba. Hausar zangon Gana ba ta damu da raba mace da namiji ba, kowa "kai" ne, kowa "ya zo". Na ɗauka dattijon zai ce mu shiga motarshi. Bai yi ba. Ya ce layi na yaron ne, ba a tsallake layi a nan. Ya juya suka yi ta magana da Fantanci, yaron na kaɗa kai, har aka tsaya a sidi 40, da sharaɗin zai jira mu aje kaya ya kai mu asibiti. Muka samu Kawu a farke, saura kamar minti 20 a fitar da baƙi. Ya ga ƙanwarshi ya kama hannunta bai ce komai ba. Wannan ɓangaren na bar wa kaina.

Sati uku na yi a garin, kuma tunda ni ne ɗan aike tsakanin gida da asibiti da kasuwa, sai na koyi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya.

Abin da muka shiga ranar farko shi suke kira dorofin, kurs ɗinmu ke nan. Babu mita, baki ne ke yanke kuɗi. Taksin nan dai da ka gani, in ya fita titi yana ɗaukar mutum huɗu a kan hanya sananna, kowa ya biya nashi, kuma kuɗin a yanke yake, babu ciniki. Daga tsakiyar gari, wajen babbar kasuwar da suke kira Maket Sakul, wadda lokacin an rushe ta ana sake gini, zuwa unguwar su Kawu sidi 3 zuwa 4 nake biya. Ƙasa da shi akwai torotoro, ƙananan bis irin faba-faban Yamai. Inna har muka baro garin tolotolo take ce masu. Karen motar, wanda suke kira meti, yana rataye a ƙofa yana kiran sunayen unguwanni da saurin da sai ka kwana biyu kafin kunnenka ya raba su. Kabu-kabu kuwa kar ka sa rai a ƙofar filin, don a lokacin dokar Gana ta 2012 ba ta yarda da haya da babur ba, ko da yake a wasu wurare ana yi. Akwai kuma Bolt, wanda ake kira ta waya. Na sa taubashina ya duba mani tafiyar da muka yi ranar farko, waya ta nuna sidi 20 da ƴan kai.

To ka ga, wanda ya fito daga jirgi ya ja jakarshi ya taka zuwa babban titi, ya tsai da taksin haɗaka, ya canza a tsakiyar gari, ƙasa da sidi 10 zai kashe a inda aka nemi 60 wurinmu. Wata rana da na je kusa da wurin aike na gwada takawar da kaina, tafiyar ƴan mintoci ce. A bakin titi babu wanda ya san daga jirgi ka sauko, kai ma fasinja ne kamar mai tallan kifi da ke kusa da kai.

Sai dai wannan arahar ba ta kowa ba ce, kuma nan ne nake saɓawa da abokaina da ke cewa ai duk wanda ya biya dorofin a filin jirgi wawa ne. Kafin ka ci arahar sai kana da gwiwa lafiya. Sai kayanka ba su fi ƙarfin hannunka ba, don taksin haɗaka ba zai ba akwati biyu da buhu wuri kyauta ba. Sai ka san sunan inda za ka sauka da inda za ka canza, ka kuma iya faɗinshi yadda meti zai gane. Bolt ɗin ma sai da layin Gana mai intanet, ga shi a shekarar ana cikin rajistar layuka da katin ɗan ƙasa, samun layi ga baƙo ba abin minti biyar ba ne. Inna ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ni kuma ina da ƙafa kawai. Da an ce mata ta taka zuwa titi, da mun tarar an rufe ƙofar asibiti.

Dattijon nan na sake haɗuwa da shi a masallacin zango ran Juma'a, ashe ya san Kawu sarai. Muka zauna bayan salla yana sayen koko, na tambaye shi kai tsaye, "Baba, don Allah mi ya sa kuɗin filin jirgi ya ninka na gari haka?" Bai ji haushi ba. Ya ce in ƙirga jiragen da ke sauka a rana, ba su cika yatsun hannu biyu ba. A kowane jirgi, in an cire masu motar kamfani da masu ƴan uwa, mutum nawa ke saura? Direba zai bar titi ya zo ya yi awa biyu yana jira, wani lokaci jirgi ya makara, wani lokaci ya sauka kowa ya wuce babu wanda ya dube shi. Yawancinsu kuma motar ba tasu ba ce, kullum da yamma akwai abin da za su kai wa mai ita ko an samu ko ba a samu ba, ga esansi a shekarar kusan kowane wata sai ya tashi. Ya ce, "Yaron nan tun safe kai ne na farkonshi."

Ban ce na yarda da 60 ba. Har yanzu ina ganin ya ɗora, kuma ya ɗora ne don ya ga fuskar baƙi da suka fito daga jirgi. Amma na daina kiranshi ɓarawo a raina. Abin da na biya har da awannin da ya yi zaune a inuwa.

Ga wanda tafiyarshi ta wuce garin, lissafin ya fi haka zafi. Mutane da yawa suna sauka Takoradi ne don su wuce Tarkwa mai ma'adinin zinariya, ko Aksim, ko Elubo a kan iyakar Kodebuwa, ko su koma gabas zuwa Kef Kos. Direban filin jirgi zai ce zai kai ka har can, kuma zai kai ka, amma kuɗin zuwa da dawowarshi duka a wuyanka suke. Mutanen zango abin da suke yi, su ɗauki dorofin zuwa tashar garin da za su, can su shiga motar layi su jira ta cika. Hanyar Tarkwa kuma a lokacin sai da haƙuri, don manyan motocin da ke jigilar ma'adinai zuwa tashar ruwa sun cinye ta. In jirginka na yamma ne, gara ka kwana a gari ka kama hanya da asuba.

Wani abin da ya rikita ni a farko shi ne ƙirgar tsofaffi. A 2007 Gana ta canza kuɗinta, tsohon sidi 10,000 ya koma sabo ɗaya, amma irin su Kawu har yau da tsohon suke magana. Ran da ya fara samun ƙarfin hira ya tambaye ni nawa muka biya daga filin jirgi, na ce 40, ya ce, "Dubu 400? Lalle an ci ku, amma ba a cinye ba." Inna da ta ji dubu ɗari huɗu sai da ta dafe ƙirji. Na yi ta fama ina fassara mata daga tsohon sidi zuwa sabo, daga sabo zuwa sefa, daga sefa zuwa dala. Mu da muke ce wa sefa 100 dala 20 ba mu da bakin yi masu dariya.

Da aka sallami Kawu muka dawo ta bis, Inna ta ce ƙafarta ta sace, kuma ba za ta sa yaro ya sake zubar da kuɗi a sama ba. Lambar dattijon tana wayata har yanzu, na rubuta ta "Baba Direba Zango".

Duk alƙaluman nan da na kawo na watan Agusta ne na waccan shekarar, kar wani ya riƙe su ya je yana jayayya da direba. Sidi ya yi mummunar faɗuwa a ƙarshen 2022, tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin 100 a Disamba. A watan ne ƙanwar matar Kawu ta je duba shi, ita ma ta jirgi daga Akara. Na tura wa taubashina lambar Baba Direba, aka kira shi tun tana Akara ya je ya jira ta a waje da layi, ya yi mata ragin sani. Da muka yi waya na tambayi nawa ta biya. Kafin taubashina ya amsa na jiyo muryar Kawu daga bayanshi yana cewa, "Gaya mashi dubu 700, kuma wai an yi mata alheri."