Jirgi Ya Sauka Kano Tun 1925, Ina Muka Ajiye Labarinsa?

A birnin Montiriyal na ƙasar Kanada akwai wani gidan ajiye kayan tarihi wanda aka keɓe shi ɗungum domin labarin zirga-zirgar jiragen sama na farar hula tsakanin ƙasashen duniya. Gidan yana cikin hedkwatar Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wadda ake kira ICAO a taƙaice, watau wani reshe na Majalisar Ɗinkin Duniya. Takardu da hotuna da 'yan samfuran jirage aka tara a ciki, domin mai ziyara ya ga yadda aka faro da kuma inda aka iso. Ni da nake zaune a Abuja, inda mazauna Lugbe da kewayenta suke kwana suna tashi da rugugin jirgi, maganar wannan gida ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuci. Dalili kuwa shi ne, mu a ƙasar nan muna da abin ajiyewa mai yawa, amma babban birninmu ba shi da ɗakin da aka tanada domin ajiye shi.

Kafin in shiga namu, ya kamata mai karatu ya san abin da wancan gida yake tunawa da shi. Ran 1 ga watan Nuwamba 1944, Yaƙin Duniya na Biyu bai ko ƙare ba, wakilan ƙasashe 54 suka hallara a birnin Shikago na Amurka. Sun hango cewa da zarar an ajiye makamai sararin sama zai cika da jiragen fasinja, in kuwa kowace ƙasa ta tsaya kan tata doka, to, ba za a wanye lafiya ba. Ran 7 ga Disamba ƙasashe 52 suka sa hannu a kan yarjejeniya, daga cikinta ne hukumar ICAO ta fito, ta kama aiki sosai a 1947. Yanzu ƙasashe 193 ne a cikinta.

Amfanin wannan yarjejeniya yana tare da kowane matafiyi, ko da bai taɓa jin sunanta ba. Ita ce ta tabbatar da cewa kowace ƙasa tana da iko da samaniyarta kamar yadda take da iko da ƙasarta. A ƙarƙashinta aka daidaita irin horon da za a ba matuƙi, da fitilun da za a jera a titin saukar jirgi, da kalmomin da matuƙi zai yi magana da su da mutanen hasumiya, har da fasalin fasfon da ke aljihunka, wanda na'urar Jidda take karantawa kamar yadda ta Abuja take yi. Alamar 5N da kake gani a jikin jiragenmu, ita ce shaidar cewa rajistar Nijeriya gare su, kamar yadda 5U take ta Jamhuriyar Nijar. Da ba domin wannan daidaito ba, da matuƙin da ya taso daga Kano bai san yaren da zai nemi izinin sauka da shi a Alƙahira ba.

To, ga abin mamaki. Ranar da aka buɗe taron Shikago, shekara 19 ke nan cif da saukar jirgin sama a Kano. Ran 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na mayaƙan saman Ingila, ƙirar DH.9A, suka dira a filin dawaki na Kano bayan sun yada zango a Maiduguri. Daga Helwan ta ƙasar Masar suka taso, suka biyo ta Hartum da Fasher da Fort Lamy, wadda yanzu ake kira Njamena. Shugaban tafiyar shi ne Arthur Coningham, wanda daga baya ya zama babban hafsa a yaƙin Hitila, kana ya ɓace a cikin wani jirgin fasinja a tekun Atlantika a 1948. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara kawo wasiƙu da fasinja daga Hartum zuwa Kano, sa'an nan aka miƙa hanyar zuwa Ikko. Da yaƙi ya yi tsanani, sai Turawa suka riƙa harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana ta yanzu, suna turo su ta Ikko da Kano da Maiduguri har Masar, dubbai a cikin 'yan shekaru. Bayan yaƙi Kano ta zama mashaya ga manyan jiragen da ke ƙetare Sahara tsakanin Turai da kudancin Afirka. Kamfanin KLM na Holan ya fara zuwa a 1947, bai daina ba sai a 2012. A tsofaffin hotunan filin har ana ganin mai kakaki bisa raƙumi yana busa domin sanar da isowar jirgi. Garin da ya yi ƙarni bisa ƙarni yana karɓar ayarin raƙuma daga Agadas da Gadamas, shi ne ya zama zangon ayarin sama.

Mu a gidanmu, labarin jirgi labarin aikin hajji ne. Kakana a ƙasa ya tafi Makka, da jaki da sanda da buta, yana tafe yana noma a gonakin mutane domin ya sami guzurin gaba. Shekara bakwai ya yi kafin ya dawo, ya tarar da 'yar da ya bari a goye har ta fara tallar goro. Wasu abokan tafiyarsa ma ba su dawo ba, sun zauna a Sudan, inda har yau zuriyar Hausawa da Fulani take a garuruwa irin su Mai Wurno. Mahaifina kuwa da lokacinsa ya zo, mun raka shi filin jirgin Kano da hantsi, kafin mu yi sallar isha'i shi yana Jidda. Tsakanin uba da ɗa, tafiyar shekaru ta koma ta awa biyar. Ban san wani abin da ya canza rayuwar talakan Arewa cikin ƙiftawar ido kamar wannan ba. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga jirgin ƙasa ba, sai ga ta a bisa gajimare da carbinta a hannu.

Mahaifina mutum ne mai adana abu. A cikin adakarsa akwai tikitin wannan tafiya, da katin allurar shawara mai ruwan ɗorawa, da fasfon alhazai, da 'yar jakar rataye mai hoton giwa da fukafukai, watau tambarin kamfanin Nigeria Airways. Muna yara, in ya buɗe adakar nan sai mu kewaye shi, ƙanshin turaren Makka yana tashi, shi kuwa yana ba mu labarin yadda kunnuwansa suka toshe da jirgi ya ɗaga. Shekara biyu bayan rasuwarsa aka yi wata damina mai ƙarfi, ɗakin ya rushe, abin da ruwa ya rage gara ta ƙarasa. Haka kuma wani maƙwabcinmu, makanikin jirgi ne da ya yi fiye da shekara talatin yana aiki, yana da littattafai da hotuna cike da kwali. Da ya kwanta dama magada ba su ga amfaninsu ba, a hannun mai ƙosai na ga wasu shafuffukan ana naɗe wa yara kalaci da su. Ba na zargin kowa, gama wanda bai san darajar abu ba, ba a ce ya wulaƙanta shi ba. Da akwai gidan da aka san ana karɓar irin waɗannan kaya, da an kai.

Abin da ya sami adakar gidanmu shi yake neman samun ƙasa baki ɗaya. A 1946 aka kafa kamfanin jiragen sama na Afirka ta Yamma, wanda Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya suka yi tarayya a cikinsa. Da ya watse a 1958, Nijeriya ta kafa nata, wanda ya zama Nigeria Airways, ya yi ta kai da kawowa tsakanin Ikko da Kano da London da Jidda har ya durƙushe a 2003. Yaron da aka haifa a shekarar nan yanzu ya zama magidanci, bai kuwa taɓa ganin giwar nan mai fukafukai tana tashi ba. A 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da ita hukumar ICAO, ta yaye matuƙa da injiniyoyi da masu kula da hasumiya daga ƙasashen Afirka da dama. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja a ƙasar nan, a can ta yi karatu, daga baya ta shugabanci makarantar. Attajiranmu ma sun taka rawa, Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo da Kabo Air a Kano, Alhaji Ahmadu Chanchangi da nasa kamfanin a Kaduna. Waɗanda suka ga farkon waɗannan al'amura da idonsu suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana tafiya da nasa kason na labarin.

Akwai kuma ɓangaren da ba shi da daɗin tunawa, wanda shi ya fi kowanne bukatar a tuna. Ran 22 ga Janairu 1973 jirgin Boeing 707 ɗauke da alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka riga mu gidan gaskiya. A lokacin duniya ba ta taɓa ganin hatsarin jirgi da ya ci rayuka da yawa haka ba. Ran 11 ga Yuli 1991 wani jirgin alhazai da ya nufo Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan da tashinsa daga Jidda, duk mutum 261 da ke ciki suka rasu. Bincike ya nuna cewa daga tayoyin da iskarsu ba ta cika ba wutar ta faro. Ran 29 ga Oktoba 2006 kuma, a nan Abuja, jirgin da ya ɗauko Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya faɗi bayan tashinsa, mutum 96 suka rasu har da shi Sarkin. Allah ya jiƙansu da rahama. Mun yi imani da ƙaddara, amma an umurce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Dokar ICAO ta ce manufar binciken hatsari ita ce hana aukuwar irinsa nan gaba. Ɗalibin injiniya da zai tsaya gaban tayar jirgi a gidan tarihi, a bayyana masa yadda ƙarancin iska a cikinta ya jawo asarar rai 261, ba zai yi wasa da ma'aunin iska ba har ya bar aiki.

Wani zai ce, me ya sa Abuja, alhali Kano ce mai tarihin? Lalle Kano tana da haƙƙi, ya kamata ma a kafa alama a wurin da jiragen farko suka sauka, a kuma ware ɗaki a Gidan Makama. Amma labarin na ƙasa ne duka, daga Maiduguri har Ikko, Abuja kuwa domin haɗa kan ƙasa aka gina ta. Nan Ma'aikatar Sufurin Jiragen Sama take, nan kuma hedkwatar Hukumar Kula da Gidajen Tarihi take. Bugu da ƙari, sunan birnin ya riga ya shiga kundin wannan fanni. A nan ministocin Afirka suka zauna a Yulin 2012 suka tsara manufofin kiyaye lafiyar jirage da ake kira da sunan Abuja, a nan kuma ICAO ta yi babban taronta na duniya a Nuwamban 2017. Nijeriya ta shiga hukumar a 1960, tana kuma cikin majalisar gudanarwarta tun 1962, har ɗanta Dokta Olumuyiwa Benard Aliu ya shugabanci majalisar daga 2014 zuwa 2019, shi ne ɗan Afirka na farko da ya hau wannan kujera.

Wani kuma zai ce ana fama da tsadar hatsi, wa yake ta tsohon jirgi? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, sai dai abin da ake bukata da farko bai kai kuɗin titi mil guda ba. Amurkawa sun ajiye jirgin 'yan'uwan nan biyu, Wright, wanda ya yi daƙiƙa 12 kacal a sama a tashinsa na farko a 1903, a babban gidan tarihinsu na Washinton, jama'a suna tururuwa kallonsa. Faransawa sun fara tara nasu tun 1919. Mu ma a Umuahia muna da gidan tarihin yaƙi inda aka ajiye jiragen yaƙin basasa. In mun iya adana jiragen da suka yi ɓarin wuta, ai waɗanda suka kai iyayenmu Ɗakin Allah sun fi cancanta.

Shawarata ita ce a fara da ɗaki guda a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, inda fasinja suke zaman jira ba aikin fari ba na baƙi. A yi shela a rediyo cewa duk mai tsohon tikiti, ko hoto, ko rigar aiki, ko jakar alhazai, ya kawo a rubuta sunansa a jiki. A tura ɗaliban jami'a da na'urar ɗaukar magana su zauna da tsofaffin matuƙa da makanikai da 'yan kwana-kwana da malaman alhazai tun suna da rai. A rubuta bayanin kowane abu da Hausa da Yarbanci da Ibo tare da Turanci, domin tsohon da ya zo rakiya ya karanta ko a karanta masa. Sa'an nan in hali ya samu, a jawo ɗaya daga cikin matattun jiragen da ke yashe a gefen filayenmu kafin masu gwangwan su yanka shi, a gyara kujerunsa, 'yan makaranta su riƙa shiga suna ganin mazaunin matuƙi.

Shekarar 2025 ce ta cika shekara ɗari da saukar jirgi a Kano. Waɗanda suka ga ranar nan da idonsu sun shuɗe, 'ya'yansu da suka ji daga bakinsu su ne tsofaffinmu na yau. Ina roƙon hukumomin da abin ya shafa su duba wannan magana, ina kuma roƙon mai karatu, in akwai tsohuwar adaka a gidanku, ka buɗe ta ka ɗaga ta daga ƙasa kafin damina. Allah ya sa mu dace, amin.