Masu Sayar wa Yaranmu Iska

Yaranmu na Sabo masu waƙa, har da masu bege, 'yan damfara sun sa su gaba. Wani zai turo saƙo ta WhatsApp, wai a biya naira 50,000 ya sa waƙa a rediyo, ya kawo masu sauraro dubbai. Ni ɗan kasuwa ne, kuma a kasuwa ba a biyan kuɗin buhun da ba a kwance ba. Ɗora waƙa a Audiomack da YouTube kyauta ne. Masu sauraron da ake saya kuwa na'ura ce, algus ke nan, in Spotify ta gano tana iya cire waƙar. Ku tambaye shi: wace tasha, wane shiri, ƙarfe nawa? In ya fara kame-kame, ku taka ku je tashar da kanku.