Gardamar hoki da ta raba fadarmu biyu a Montreyal

  Mun saba kawo muku labarin takardun zama da tsadar haya, to yau ku yi haƙuri da mu, labarin wata gardama ce da muka kusa wata uku muna yi a fadarmu, a kan wasan da da yawanku ba ku taɓa gani ba ko a tele. Mu kanmu lokacin da muka zo, dariya muke yi wa masu kallonsa.

Sunan wasan hoki, wato ƙwallon gora na kan ƙanƙara. Mutum shida-shida ake yi: uku a gaba, biyu a baya, da mai tsaron gida. Kowa na sanye da takalmi mai ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa, riƙe da sanda mai lanƙwasa, ana bin wani ɗan baƙin faifan roba da bai kai tafin hannu ba. Gudun ya yi yawa, shi ya sa ba wanda ke wuce kamar minti ɗaya a fili, sai ya fita wani ya shigo. Ƴan gaban an kasa su layi huɗu, kowane layi da ɗan tsakiyarsa. Ku riƙe wannan maganar ta ɗan tsakiya, don a kanta rigimarmu ta tsaya.

Ekip ɗin garin nan sunanta Canadiens. An kafa ta a 1909, ta ɗauki babban kofin Stanley sau 24, babu wadda ta kai ta. Amma rabonta da shi tun 1993. Mafi yawanmu ba mu san hanyar Kanada ba a lokacin, wasunmu ma ba a haife su ba. Duk da haka in ka zauna a garin nan, sai ekip ɗin ta shiga jikinka ko ba ka so. Direban taksi a cikinmu ya gano cewa in bai san sakamakon daren jiya ba, ba shi da abin faɗa wa fasinja. Mai aiki a masana'anta ya gano cewa abokan aikin da suka shekara ba su ce masa fiye da sannu ba, ranar da ya zagi alƙalin wasa suka ja masa kujera. Yaranmu kuma daga lakwal suke kwaso shi su kawo mana gida. Haka muka wayi gari, mu da muka tashi da kokowar takobi da Barsa da Real, muna ɗaga murya a kan wa ya dace ya tsaya bayan wa a kan ƙanƙara.

Abin da ya fi ba mu mamaki tun farko shi ne yadda ake cinikin ƴan wasa. A nan ba a sayen ɗan wasa da kuɗi kamar a ƙwallon Turai. Musaya ake yi, kamar ranar kasuwar bisashe: ba ni wannan in ba ka wancan, in ƙara maka da ƙarami. Kowace shekara kuma akwai zaɓen matasa, ekip ɗin da suka fi shan kashi su ke fara ɗauka, kuma wannan damar zaɓen ita ma ana musayarta. Sannan an ƙayyade albashi: a kakar 2025-2026 ba ekip ɗin da aka yarda ta wuce dala miliyan 95.5 ga dukan ƴan wasanta, komai arzikin mai ita. Don haka duk dalar da ka ba wane, ka hana wani. Wannan ƙa'idar ce ke sa kowane mai kallo ya ɗauki kansa ɗan kasuwa.

Kakar 2024-2025 ta ba mu fata. Bayan shekaru uku ana kwana a ƙasan teburi, yaran suka kutsa cikin ekip 16 da ke fafatawar kofi. Kyaftin Nick Suzuki ya tara maki 89, Cole Caufield ya ci ƙwallo 37, ƙaramin yaron nan Lane Hutson ya zama gwarzon sababbin ƴan wasa na shekara, ga Ivan Demidov ya sauka daga Rasha a watan Afrilu. Washington ta fitar da mu a wasa biyar, amma ba wanda ya yi baƙin ciki sosai. Kowa cewa yake yi saura kaɗan. Wurin fassara wannan "kaɗan" ɗin ne muka rabu.

Ranar Juma'a 27 ga Yuni 2025, mun taru bayan masallaci kamar yadda muka saba, an ɗora shayi, kowa na duba salula. Labari ya bazu cewa shugaban ciniki na ekip, Kent Hughes, ya karɓo Noah Dobson daga Islanders na New York, ɗan baya mai shekara 25. Abin da aka bayar: Emil Heineman da zaɓe biyu na zagayen farko, lamba 16 da lamba 17. An kuma sa masa hannu a kwantiragin shekara 8, dala miliyan 9.5 kowace shekara. Wani ya buga lissafi ya ce sama da miliyar 5 na sefa ke nan a shekara. Aka yi shiru na ɗan lokaci, kowa na tuna abin da ya aika gida a watan.

Wani ɗan Damagaram da ke karatun lissafin kuɗi shi ya fara. Ya ce wannan cin iri ne. Manomin da ya daka irin baɗi don tuwon yau, me zai shuka? Ya ce Hutson ɗin da muke taƙama da shi, a lamba 62 aka ɗauke shi a 2022, to wa ya san abin da ke ɓoye a lamba 16 da 17? Ya ƙara da cewa Dobson ya yi maki 70 a kakar 2023-2024, amma a wadda ta biyo 39 kawai ya yi, kuma ga shi daga zuwa zai fi kyaftin albashi. Direban taksinmu ɗan Maraɗi ya ce kai malam, bar wannan lissafin na takarda, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Yaron da za ka ɗauka yau yana da shekara 18, sai ya yi shekara uku ko huɗu kafin ka san ko zai yi amfani, wasu ma har abada. Shi kuwa Dobson an gan shi, an gwada shi. Kuma yana riƙe sanda ta hannun dama, abin da ke da wuyar samu, ga David Savard da ke tsare wannan ɓangaren ya yi ritaya. Hutson na hagu, Dobson na dama, me kuma kake nema? Shayi na biyu ya ƙone a kan wuta ba wanda ya lura.

Kwana huɗu bayan nan, 1 ga Yuli, ranar da mutanen Kebek ke ƙaurar gidaje, don yawancin hayar gida a ranar take ƙarewa. Muna taya wani ɗan uwanmu sauko da firijo daga bene na uku, a wata matattakalar ƙarfe mai murɗewa irin ta garin nan, wani daga ƙasa ya ɗaga murya ya ce an ba da Logan Mailloux ga St. Louis an karɓo Zachary Bolduc. Wallahi a tsakiyar matattakala muka tsaya da firijo a hannu ana tambayar ƙwallo nawa ya ci bara. Aka ce 19, kuma ɗan Trois-Rivières ne, yana jin Faransanci. Wannan cinikin bai jawo rigima ba, kusan kowa ya yaba. Sai dai da aka aje firijo aka sha ruwa, ɗan Damagaram ya ce to, an sayo ɗan baya, an sayo ɗan gefe, ina ɗan tsakiyar layi na biyu?

Gaskiyarsa. Duk wanda ke bin ekip ɗin ya san nan ne ramin. Suzuki na riƙe da layin farko, ba ya fashi. Bayansa an sa rai ga Kirby Dach, dogon yaron da aka kawo daga Chicago a 2022. Amma wasa biyu kawai ya buga a kakar 2023-2024 gwiwa ta tsinke, ya dawo, a watan Fabrairun 2025 aka sake yi masa aiki a gwiwar. Christian Dvorak kuma ya tafi Philadelphia. Demidov yaro ne mai hannu, amma ɗan gefe komai gwanintarsa yana bukatar wanda zai ci masa faifan a wurin jefawa, ya miƙa masa, ya koma ya rufe baya in an ƙwace. Wasu a cikinmu suka ce a ƙara ba Dach dama, shekararsa 24 kawai. Wasu suka ce gwiwar da aka yanka sau biyu ba a gina gida a kanta.

A nan ne Baba Alhaji ya shigo. Shi ne babbanmu, ɗan Tawa, ya fi shekara 25 a ƙasar nan, kuma da wuya ya sa baki a maganar wasa. Ya ce: "Ku bar wahal da kanku. A ɗauko Crosby." Duk garin ana ta wannan raɗe-raɗin. Sidney Crosby na Pittsburgh ya ɗauki kofi sau uku, ya tashi yana son Canadiens tun yana yaro, mahaifinsa ma ekip ɗin nan ce ta zaɓe shi a 1984. Ya cika shekara 38 a watan Agustan 2025, amma maki 91 ya yi a kakar 2024-2025, kuma a lokacin ekip ɗinsa shekara uku ke nan ba ta shiga fafatawar kofi ba. Sai dai shi bai nemi tafiya ba, kuma kwantiraginsa ta hana a musanya shi sai da yardarsa.

Wanda ya amsa masa wani saurayi ne da aka haifa a nan, ɗan ɗaya daga cikinmu, shekararsa 19. Ya rusuna ya ce: "Baba, a gafarce ni, amma in za a ɗauko shi sai an ba da yara biyu ko uku masu kyau. Shekara biyu ya yi ya aje sanda, mu koma inda muka fito. A bar yaran nan su girma tare, nan da shekara biyar kofin zai zo da kansa." Baba Alhaji ya yi murmushi ya ce: "Shekara biyar gare ka ba komi ba ne, ɗana. Ni in Allah ya yarda baɗi waccan ina Tawa, na gama ginina. Tun da niz zo garin ga nike jin labarin ranar da anka zagaya da kofi bisa titi, ban gani ba. A 2021 mun kai ƙarshe, Tampa ta kore mu. Ina son in gani da idona kafin in koma." Ba wanda ya yi dariya. Yawancinmu muna da wani gini da ba a gama ba a gida, da wata ranar komawa da muke ta ɗagawa, kuma ba mu taɓa jin ya faɗi tasa ranar a fili ba sai a wannan zaman.

Shi kuma saurayin muna sane da abin da ke ransa, don a gabanmu aka yi. Yana da shekara 10 a 2016, yana da riga mai lamba 76 ta P.K. Subban, baƙar fata, ɗan baƙin haure daga tsibiran Karebiyan, wanda ya zama gwarzon ƴan baya a 2013, ya kuma yi alƙawarin dala miliyan 10 ga asibitin yara na garin nan. Yaranmu a jikinsa suka fara ganin cewa wasan nan nasu ne su ma. Ranar 29 ga Yuni 2016 aka musanya shi da Shea Weber na Nashville, saura kwana biyu sharaɗin da zai hana a taɓa shi ya fara aiki. Yaron nan ya yi kuka har ya ƙi cin abinci. Ya tambayi ubansa, in mutum ya yi wa gari duk wannan kuma aka kore shi, mu fa? Uban bai samu amsa ba, ya zo fada ya faɗa mana, mu ma ba mu samu ba. Daga baya Subban ya kai wasan ƙarshe da Nashville a 2017, Weber ya zama kyaftin ya kai mu wasan ƙarshe a 2021, kowannensu bai ɗauki kofin ba, kuma har yau in kana son tada rigima a garin nan ka tambayi wa ya ci riba. Tun daga lokacin yaron ba ya son jin an ce a ba da wani. Ko a farkon watan Satumba na 2025, da aka tura kwantiragin Carey Price zuwa San Jose don a samu sarari a lissafin albashi, mutumin da rabonsa da tsaron gida tun 2022, sai da ya ɓata rai yini guda.

Ga inda muka tsaya a watan Satumba na 2025. An kusa fara kaka a farkon Oktoba, wasa 82 na jiranmu, da sanyin da ke sa hawaye daskarewa. A lokacin Crosby na nan Pittsburgh, ramin layi na biyu na nan, Dach ake jira a gani. Ɗan Damagaram bai janye maganarsa ta cin iri ba, direban taksi ya riga ya sayi riga mai sunan Dobson. Abu ɗaya muka yi ittifaƙi a kansa: mun yi karo-karo don tikiti biyu na Centre Bell, can saman bene inda kuɗinmu ya kai, don Baba Alhaji duk shekarun nan bai taɓa shiga ba, a rediyon mota da tele yake bi. Saurayin ne zai raka shi. Mun gargaɗe su kada su kawo maganar Crosby a cikin metro.

Ku sa mu a addu'a, Allah ya ba mu sanyi mai sauƙi, ya maida kowa gida lafiya a lokacin da ya fi alheri. A gaida mutanen gida, a gaida ƴan fada duka.