Ƙaho Daban, Tace Jini Daban

Wani al'amari ya same mu a shekara ta 2020, lokacin annobar korona, wanda har yau bai bar zuciyarmu ba. Wani almajirinmu, mai fataucin rake a kasuwar Makarfi, ya iske mu a Ikara da dare, ya ce: "Allah gafarta Malam, numfashin Baba ya sarƙe a ƙauyenmu na ƙasar Kudan, dangi kuwa sun aika a kira wanzami." Hujjarsu ita ce, wani ma'aikaci ya ba su labari cewa ko a Amurka jinin masu wannan cuta a ke tacewa, saboda haka ƙaho ya wadatar. Muka ce kada a ɓata lokaci, a kai shi asibiti Zariya. Aka sa masa iskar oksijin, Allah Ya tashi kafaɗunsa.

Daga baya muka tambayi likitoci, domin fatawa ba ta halatta a kan abin da mutum bai san haƙiƙarsa ba. Idan cutar ta tsananta, jiki ya kan zuba waɗansu sinadarai cikin jini don yaƙarta, su yi yawa har su ɓata huhu da ƙoda. Sai a jawo jinin ta bututu, ya ratsa wata matata a cikin na'ura irin ta wankin ƙoda, a mayar da shi jiki. Ƙaho kuwa ɗan jini ya ke tsotsowa daga fata, ba ya isa ga wannan.

Gaskiya ne a watan Afrilu na 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta ba da izinin gaggawa ga irin wannan matata, kamar CytoSorb. Amma izini ba shi ne tabbacin waraka ba. A 2021 likitocin Freiburg ta ƙasar Jamus sun bayyana gwajin da suka yi ga mutum 34 da ke bakin mutuwa. Cikin 17 da aka tace jininsu, 3 suka rayu bayan kwana 30. Cikin 17 da ba a tace ba, 13 suka rayu. Deksametazon kuwa, magani mai araha, binciken Jami'ar Oxford ya nuna a Yuni 2020 cewa ya rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kashi ɗaya bisa uku.

A shari'a ba mu ga laifin fitar da jini a mayar da shi don magani ba, idan ƙwararren likita ya ga bukata. Laifin shi ne a ari sunan sunna a zaunar da mai shaƙewa a gida. Ba mu raina ƙaho ba, mu ma mu kan yi shi, amma kowane magani da muhallinsa. Wanda ya ga numfashin ɗan'uwansa yana sama-sama, to, mota zai nema, ba wanzami ba. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.