Na ga raƙumin dawa a Gadabeji

Bayan an gama aikin hatsi, kahin mu buɗe ajin yaƙi da jahilci, na yi tahiya zuwa Gadabeji, arewa da Dakwaro. Raƙumin dawa ya kai ni. Kakana ya sha ba mu labarinshi, ni ko ban taɓa ganinshi ba sai a hoto.

Tun shekara 1955 anka keɓe dajin Gadabeji. Da can akwai raƙumin dawa ciki, amma fari da farauta sunka ƙare shi. A shekara 1996, guda 49 kaɗai sunka rage cikin Nijar duka, can wajen Kure, kusa da Yamai. Da sunka yaɗu, sai anka ɗauko guda 8 cikin watan Nowamba 2018, anka kawo su nan da babbar mota, tahiyar hiye da kilomet 800.

Da asuba munka shiga daji, ni da wani ma'aikacin gandun daji. Ƙarangiya ta cika mini wando, wannan kun san ta. Barewa biyu sunka gilma da gudu. Can sai ya nuna mini sawu bisa rairayi, tsagagge kamar na sa, amma ya hi na sa girma nesa. Kashin ko ƙanana ne, kamar busassun ɗiyan aduwa. Na yi mamaki, babbar dabba haka!

Da hantsi munka tarda guda uku. Munka laɓe nesa, na zauna da littahina ina kallo. Jikinsu fari-fari ne da zane ja. In suna tahiya, ƙafar gaba da ta baya na gehe ɗaya suke ɗagawa tare, kamar raƙumin gida. Babban ya tsaya gaban kandili, ya miƙa harshe baƙi, dogo kamar kamu guda. Ya naɗe reshe, ya zage ganyen, ƙaya ba ta dame shi ba. Daga nan ya koma ga aduwa. Bai ƙare icce guda ba, ya ɗan taɓa ya wuce. Har rana ta yi zahi ban ga ko ɗaya ya duƙa ga ciyawa ba.

Da marece, bakin rijiya, na gamu da wani tsoho Bafillace yana ban ruwa. Ya ce: "Malam, kai ma baƙon nan mai dogon wuya ka zo gani? An kawo shi ya ci abincin bisashenmu."

Na ce: "Baba, yau na gani da idona. Sama yake ci. Ciyawar shanunka tana nan."

Ya yi dariya, ya ce: "To, da bazara fa? In ciyawa ta ƙare, rassan nan muke sarewa mu ba tumaki. In an hana mu, ina za mu?"

Nan bakina ya mutu, don maganar tsoho tana bisa hanya. Can Kure ma manoma suna kuka da raƙumin dawa, yana shiga gona ya ci wake. Amma abu guda na lura bisa hanya. Kusa da rijiyoyi, itatuwan da anka datse ma kai duka sun bushe tsaye. Waɗanda anka rage ma reshe biyu ko uku, anka bar sauran, sun sake toho. Na faɗa mishi haka. Bai ce i ba, bai ce a'a ba, ya ci gaba da jan wasaki.

Kahin in tashi ya gaya mini sunan aduwa da Fillanci, tanni, na rubuta. In Allah ya kai mu bazara, zan koma in ga abin da raƙumin dawa ke ci sa'ad da ganye ya kaɗe.