Ranar da Na Sa Ɗalibai Gyara Abin da Ba Kuskure Ba

A jerin sinadarai ashirin na farko, waɗanda kowane ɗan ajin kimiyya ke haddacewa da zarar ya shiga babbar sakandare, akwai wani wuri da lissafi ke yin tuntuɓe. Argon yana gida na 18, nauyin ƙwayar zarrarsa ya kusa 40. Fotashiyam na biye da shi a gida na 19, amma nasa nauyin 39 ne da ɗoriya kaɗan. Wato wanda ya zo daga baya bai kai na gabansa nauyi ba. Ni da nake koyar da darasin ban taɓa lura da haka ba.

Ilimin halittu na karanta. An ɗora mini kemistiri ne don makarantar ba ta da malaminsa, ni kuma na karɓa da ƙarfin gwiwar da ya fi sanina yawa. Abin da nake faɗa wa ɗalibai shi ne, lambar zarra da nauyinta tare suke hawa, duk wanda ka bi jeri ɗaya za ka samu. Wata rana wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to me ya sa argon ya fi fotashiyam nauyi, alhali ya riga shi zuwa a jadawalin?" Na duba littafin, na ga haka abin yake, na kuma ji idanun aji duka a kaina. Sai na ce, "Kuskuren masu buga littafi ne. Kowa ya musanya lambobin." Suka sa biro suka musanya.

Da dare na buɗe wani littafin daban, na tarar da lambobin nan yadda suke. Na ari na wani abokin aiki, haka dai. Maɗaba'u daban-daban ba sa haɗuwa a kan kuskure iri ɗaya. Daga nan na shiga karatun da ya kamata in yi tun kafin in riƙe alli.

Abin da na fara cin karo da shi ya ɗan sanyaya mini rai, don ashe shi kansa mai jadawalin ya taɓa faɗin irin maganata. A 1869 Dmitri Mendeleev, malamin jami'a a birnin Saint Petersburg na Rasha, ya jera sinadarai 63 da aka sani a lokacin bisa nauyinsu, ya ga halayensu suna maimaituwa bayan wani taƙi. Amma teluriyam da aidin suka ƙi ba shi haɗin kai. Ma'auni ya ce teluriyam 128, aidin 127, saboda haka aidin ya kamata ya riga zuwa. Sai dai aidin, wannan da ake sa wa a gishiri don rigakafin maƙoƙo, ɗan gidan kulorin ne da buromin a duk ɗabi'unsa, teluriyam kuwa dangin farar wuta ne. Mendeleev ya ajiye kowanne cikin danginsa, ya ce masu awo ne suka yi kuskure. A jadawalinsa na 1871 har ya rage wa teluriyam nauyi zuwa 125.

Sanyin ran bai daɗe ba. Shi Mendeleev yana da hujjar zargin ma'auni. Ya ce nauyin yuraniyam ba 120 ba ne, ninkinsa ne, aka tarar da gaskiyarsa. Ya bar gurabe ga sinadaran da ba wanda ya taɓa gani, ya kuma siffanta su. Da Bafaranshe Lecoq de Boisbaudran ya gano galiyam a 1875, ya ce kaurinsa 4.7, Mendeleev da bai taɓa riƙe ƙarfen a hannu ba ya aika cewa a sake awo, kusan 5.9 ya kamata a samu. Aka ƙara tace ƙarfen, aka samu 5.9. Sikandiyam ya bayyana a 1879, jamaniyam a 1886, kowanne a gurbin da aka tanadar masa. Mutumin da ya yi wannan, in ya ce ma'auni ya yi ƙarya, dole a saurare shi. Kuma zarginsa a fili ya ajiye shi, inda kowa zai iya gwadawa. Bohuslav Brauner na birnin Prag, abokinsa ne, ya shafe shekaru yana auna teluriyam da fatan tabbatar da maganarsa, a ƙarshe ma'auni ya tsaya masa a wajen 127.6. A nan Mendeleev bai yi daidai ba, amma kuskurensa aiki ya haifar.

Nawa kuwa ba hujja ba ce, kunya ce. Na ji tsoron in ce "ban sani ba" a gaban yara, sai na ɗora wa wani mai ɗab'i da ban san shi ba laifi, na kuma rufe bakin mutum ɗaya tilo a ajin da ta karanta jadawalin da idon basira. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma ni wuyan wasu na ɗaura wa.

Wanda ya warware ƙullin wani matashin Bature ne ɗan Ingila, Henry Moseley, da ya yi aiki a Manchester ƙarƙashin Ernest Rutherford. A 1913 ya riƙa harba wa sinadarai lantarki yana auna hasken eksire da kowanne ke fitarwa, ya ga ma'aunin yana hawa daki-daki daga wannan sinadari zuwa na gaba. Abin da ke ƙaruwa ɗaya-ɗaya shi ne cajin cibiyar zarra, wanda yau muke kira adadin furoton. Teluriyam 52, aidin 53. Argon 18, fotashiyam 19. Kobal 27, nikel 28, su ma da irin wannan saɓanin nauyi. Kamar 'ya'yan gida ɗaya ne, da haihuwa ake lissafa su, ko da wani ya fi wani jiki. Moseley ya kuma nuna cewa gidaje na 43, 61, 72 da 75 ba kowa a cikinsu, daga baya duk aka cike su. Bai ga haka ba, an kashe shi a yaƙin Gallipoli a 1915 yana da shekara 27.

Da na koma aji na ce su goge gyaran da na sa su, na faɗa musu ƙiri-ƙiri cewa ƙirƙirar amsar na yi. Wasu suka yi dariya. Ita yarinyar ba ta yi ba, tambaya ta ƙara: "To Malam, daga ina argon ya samo nauyin?"

Wannan karon ina da amsa, kuma ita ce ɓangaren labarin da ya fi burge ni. Nauyin zarra furoton ne da niyutiron a haɗe. Mafi yawan fotashiyam yana da furoton 19 da niyutiron 20, jimla 39. Argon ɗin da ke cikin iskar da muke shaƙa, wanda ya kusa kashi ɗaya cikin ɗari nata, kusan dukkansa furoton 18 ne da niyutiron 22, jimla 40. Dalili kuwa, a cikin duwatsun ƙasa akwai wani nau'in fotashiyam ƙalilan mai nauyi 40 da ba ya zama lafiya, a hankali yake rikiɗewa, wani kaso nasa ya koma argon ya tsere cikin iska. Biliyoyin shekaru ke nan abin yana taruwa. Argon ɗin da ya fi fotashiyam nauyi, daga fotashiyam ɗin ya fito, kuma da auna yawan wanda ya maƙale cikin dutse masana ke gane shekarun dutsen.