Ajin da yaro ke shiga kafin a haife shi

A wata unguwa ta birnin Damagaram akwai wata mata mai ɗauke da ciki na huɗu. Mijinta ya tafi ci-rani tun bayan kaka, saƙonsa sai jefi-jefi. Ita ke daka, ita ke ɗebo ruwa, da dare kuma ta kwanta tana lissafin abin da za ta ɗora bisa murhu gobe. Duk wanda ya shigo gidan ya ga ta rame sai ya ce: «Ki yi haƙuri, ki rage tunani.» Ba a samu wanda ya karɓi tulun daga kanta ba.

Nan da shekara bakwai ɗan da ke cikin nan zai zauna gaban malamin lakkwal. In ya yi nawar ɗaukar karatu, za a ce ba ya da kai, ba za a tuna da watannin da uwarsa ta yi ba barci ba.

Masana sun daɗe suna bin diddigin wannan al'amari. A watan Janairu na 1998 ruwan sama mai daskarewa ya karya turakun lantarki a lardin Kebek na ƙasar Kanada, miliyoyin mutane suka zauna cikin duhu da tsananin sanyi, wasu har makonni. Wata malama ta Jami'ar McGill, Suzanne King, ta nemi matan da ke da ciki a lokacin, ta yi ta bibiyar ƴaƴansu shekara da shekaru. Da yaran suka kai shekara biyu, an ga waɗanda uwayensu suka fi shan wuya sun fi ƙarancin kalmomi, sun kuma yi ƙasa a gwajin fahimta. Abin lura shi ne, a fannin basira, nauyin wahalar da ta auka wa uwa, kamar yawan kwanakin da ta yi ba wuta, ya fi tasiri bisa yadda ta ce ta ji a ranta.

Ga yadda likitoci ke bayanin hanyar. Idan hankali ya tashi, jiki na sakin wani sinadari da ake kira kortizol. Mabiyiya tana tace mafi yawansa kafin ya isa ga jariri, amma in damuwa ta yi tsanani ta kuma daɗe, abin da ke tsallakewa yana iya taɓa ƙwaƙwalwar da ake cikin ginawa. Wannan ba hukunci ba ne da aka yanke wa yaro: bambancin da aka auna matsakaici ne, kuma reno mai kyau, da hira da jariri, da abinci isasshe suna gyara da yawa.

Kakanninmu ba su san sunan kortizol ba, amma sun san goyon ciki. Idan cikin fari ya tsufa, sai a mai da yarinya gidan iyayenta, a sauke mata aiki, ta haihu kusa da uwarta. Sai dai gatan yakan tsaya ga haihuwar fari. Daga ta biyu, kulawa sai bayan an sauka: wankan jego, kunun kanwa, naman suna. Wata tara da suka gabata kuwa, mace ita da Allahnta.

Saboda haka faɗa wa mai ciki ta rage tunani bai wadatar ba, wani lokaci ma ɗora mata laifi ne bisa kayan da ba ita ta ɗaura ba. Abin da ke sauƙaƙa mata shi ne mijin da ya bar hatsi a rumbu kafin ya kama hanya, da surukar da ta hana a yi mata faɗa, da maƙwabciyar da ta raka ta awon ciki. Malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu suna da bakin faɗar wannan a taron iyayen yara, inda maza ke zaune suna saurare.

Matar nan ta Damagaram saura mata wata uku. Tulun yana nan bakin ƙofa, yana jiran wanda zai ɗauka.